Matasa da neman abin koyi: Abin da gwaje-gwajen shekara 80 suka nuna

A watan Maris na 2025 abubuwa biyu suka faɗo a jere a Birtaniya, suka karkata hankalin ƙasar zuwa ga samari masu tasowa. Na farko shi ne wasan kwaikwayon Adolescence da kamfanin Netflix ya saki, labarin yaro ɗan shekara 13 da aka kama bisa zargin kashe wata 'yar makarantarsu, bayan ya daɗe yana kwankwaɗar guba a intanet cikin ɗakinsa, iyayensa na zaton yana cikin aminci. Na biyu kuwa lacca ce da tsohon kocin tawagar ƙwallon ƙafa ta Ingila, Sir Gareth Southgate, ya gabatar, inda ya koka cewa samari da dama sun rasa malami ko koci ko maigidan da zai ja su a jiki, sai masu tallar rayuwar ƙarya a shafukan sada zumunta suka cike gurbin, suna koya musu cewa kuɗi da danniya su ne ma'aunin namiji.

Kafin watan ya ƙare, Firaminista Keir Starmer ya goyi bayan a nuna wasan kyauta a makarantun sakandare. A watan Afrilu kuma Sakatariyar Ilimi Bridget Phillipson ta yi kira ga maza su rungumi aikin koyarwa, tana nuni da cewa ɗaya cikin huɗu ne kacal na malaman makarantun Ingila namiji, a firamare kuwa ɗaya cikin bakwai.

Wannan kuka ba baƙo ba ne ga Hausawan da ke renon 'ya'ya a Landan ko unguwar Bronx ta birnin Niyok, ko a Nima ta birnin Akara. Duk lokacin da taron ƙungiya ko na makarantar Islamiyya ya gangaro kan batun matasa, maganin da ya fi saurin zuwa baki shi ne a gayyato wani da ya yi fice, likita ko lauya ko hamshaƙin ɗan kasuwa, ya yi wa yara jawabi su ga abin koyi.

Tambayar da ba a cika tsayawa a kanta ba ita ce ko maganin yana ci. Ga shi kuwa tana cikin tambayoyin da aka fi gwadawa a fagen binciken ilimi. Tun daga ƙarshen shekarun 1930 masana ke raba yara gida biyu ta hanyar jefa ƙuri'a, a bai wa rukuni ɗaya abin koyi ko jagora, a bar ɗayan haka nan, sannan a dawo bayan shekara ɗaya ko goma ko talatin a ga inda kowa ya kwana. Abin da ya taru daga waɗannan gwaje-gwaje bai ƙaryata Southgate ba. Sai dai ya gindaya wa maganarsa sharuɗɗan da ba a cika jin su a bakin 'yan siyasa ba, domin dukkansu suna cin lokaci da kuɗi.

Shin dole sai malami ya yi kama da ɗalibi?

Kiran da aka yi wa maza su shiga aji yana da daɗin ji, amma shaidar da ke bayansa ba ta da ƙwari. Wani nazari da aka wallafa a 2008, wanda masana daga Jami'ar Durham na cikin waɗanda suka gudanar, ya duba sakamakon yara kusan 9,000 'yan shekara 11 a azuzuwa sama da 400 a Ingila. Bai sami alamar cewa yara maza sun fi ƙoƙari a hannun malami namiji ba. Abin da ya gani ma shi ne yaran da mata ke koyarwa, maza da matansu, sun fi nuna sha'awar makaranta.

A Amurka, inda batun ya koma na launin fata, labarin ya sha bamban. A shekarun 1980 jihar Tennessee ta rarraba dubban yara da malamansu cikin azuzuwa ta hanyar ƙuri'a, da nufin gwada tasirin cunkoson aji. Shekaru da yawa bayan haka Seth Gershenson da abokan aikinsa suka bi sawun waɗannan yara har girmansu. Suka gano cewa yaro baƙar fata da ya faɗa hannun malami baƙar fata, ko da sau ɗaya ne a shekarun farko na firamare, damarsa ta kammala sakandare ta ƙaru da kashi 13 cikin 100, ta shiga makarantar gaba da sakandare kuma da kashi 19. Yara fararen fata babu abin da ya ƙaru ko ya ragu gare su.

Wani binciken na Gershenson ya haska dalili. Idan aka tambayi malamai biyu game da ɗalibi guda baƙar fata, malamin da ba baƙar fata ba ya fi yawan zaton yaron ba zai yi nisa a karatu ba. Ke nan bayan abin da yaro yake gani a jikin malami, akwai abin da malami yake hangowa a jikin yaro, kuma na biyun ana iya koya wa kowane malami shi, ko wane ne kakansa.

Tauraron da ya yi nisa

Masu gayyato baƙo ya yi jawabi suna da hujjarsu. A shekarar karatu ta 2015 zuwa 2016 mata 56 masana kimiyya suka zagaya makarantun sakandare na yankin birnin Faris, kowacce ta yi sa'a ɗaya tak a aji tana bayanin aikinta, a wani shiri da gidauniyar L'Oréal ta ɗauki nauyi. Ɗaliban da gwajin ya shafa sun kusa 20,000. Thomas Breda da abokan aikinsa suka gano cewa 'yan matan ajin ƙarshe da suka sami ziyarar sun fi zaɓar fannonin kimiyya masu wuyar shiga waɗanda maza suka mamaye. Amma tasirin ya taru ne a kan 'yan matan da dama can suke da ƙarfi a lissafi, kuma bai taɓa zaɓin 'yan ƙananan azuzuwa ba. Akwai wani abu kuma da ya kamata duk mai hawa mumbari gaban yara ya riƙe: baƙin da suka fi yin tasiri su ne waɗanda suka bayyana daɗin aikinsu, ba tare da sun cika nanata ƙarancin mata a fagen ba.

A Yuganda ma ba mutum aka kai ba, fim aka nuna. A 2016 Emma Riley ta raba ɗaliban sakandare kusan 1,500 a Kampala ta ƙuri'a ana dab da jarrabawar ƙasa. Rabi suka kalli Queen of Katwe, labarin gaskiya na Phiona Mutesi, 'yar unguwar marasa galihu da ta zama gwanar wasan darar Turawa. Rabi kuma suka kalli wani fim na tatsuniya. Waɗanda suka kalli labarin Phiona sun fi cin jarrabawar, musamman lissafi, kuma 'yan mata ne suka fi amfana. Katwe unguwa ce a cikin Kampala. Yaran sun san lungunanta, sun san irin ruwan da ke cika gidajenta da damina.

Wannan kusanci shi ne zaren da ya ɗinke yawancin binciken. Tun a 1997 Penelope Lockwood da Ziva Kunda suka yi wani ɗan gwaji a Jami'ar Waterloo ta Kanada wanda har yau ake kafa hujja da shi. Suka bai wa ɗalibai labarin wani haziƙin ɗalibin ajin ƙarshe su karanta. 'Yan ajin farko suka fito da ƙwarin gwiwa, domin suna ganin akwai sauran lokacin da za su kamo shi. 'Yan ajin ƙarshe kuwa gwiwarsu ta yi sanyi, don labarin ya zame musu madubin abin da ya riga ya wuce su. Labari ɗaya ne, amma ya ɗaga wasu ya kayar da wasu, gwargwadon yadda kowa yake ganin hannunsa zai iya kaiwa.

A Madagaska, Trang Nguyen ta gwada abin a makarantun firamare 640. A wasu makarantun aka kawo mutumin da ilimi ya ɗaukaka ya ba da tarihinsa gaban iyaye da yara. Idan baƙon ya tashi ne a gidan talakawa, makin 'ya'yan talakawa ya kan ƙaru. Idan ɗan masu hali ne, labarinsa bai cika ratsa su ba. A wasu makarantun kuma ba a kawo kowa ba, lissafi kawai aka nuna wa iyaye na abin da mai firamare da mai sakandare suke samu a wata, kuma wannan busasshen lissafi ya ɗaga makin yara shi ma.

Gwajin da ya fi kowanne girma ba masana suka shirya shi ba, doka ce. Tun 1993 Indiya ta keɓe wa mata kashi ɗaya bisa uku na kujerun shugabancin majalisun ƙauyuka, kuma a jihar Bengal ta Yamma tsarin karɓa-karɓa ne ke nuna ƙauyen da zaɓensa zai zama na mata zalla, ba son ran kowa ba. Lori Beaman da Esther Duflo da Rohini Pande da Petia Topalova suka zanta da matasa 'yan shekara 11 zuwa 15 da iyayensu a ƙauyuka 495, suka wallafa sakamakon a mujallar Science a 2012. A ƙauyukan da mace ta yi shugabanci zango biyu, tazarar buri tsakanin yara maza da mata ta ragu da kashi 32 cikin 100, tazarar karatu ta gushe, kuma lokacin da 'yan mata ke ɓatawa a aikin gida ya ragu. Inda mace ta yi zango ɗaya kawai, ba a ga irin wannan sauyi ba. Sai da ido ya saba, shekara kusan goma, sannan tunani ya bi baya.

Tsarin tsangaya ya daɗe da sanin wannan, ko da bai rubuta shi a mujalla ba. Ƙolo yana jin sunan gwani yana girmama shi, amma wanda yake kwaikwayo a riƙon allo da zaman karatu shi ne titibirin da ya gabace shi da 'yan izufai, shi kuma idonsa na kan gardi. Idan aka auna da wannan sikeli, ƙungiyar da ke neman wanda zai yi wa 'yan shekara 15 magana a Landan za ta fi cin riba da 'yar unguwar da ke shekara ta biyu a karatun jinya, wadda ta san yadda ake cike takardar neman jami'a da ta bashin karatu, fiye da babban baƙon da za a tarbo daga filin jirgi.

Jagoran da ke zuwa duk mako

Abin koyi ana hango shi ne. Jagora kuwa tafiya ake yi tare da shi, kuma a nan ne aka fi zuba kuɗi da fata. Ƙungiyar Big Brothers Big Sisters ta Amurka, wadda sunanta ke nufin manyan yayye maza da mata, ta samo asali ne a 1904, lokacin da Ernest Coulter, magatakardan wata kotun yara a Niyok, ya gaji da ganin fuskoki iri ɗaya suna dawowa gaban alƙali, ya nemi mutanen kirki su ɗauki yaro ɗaya-ɗaya su riƙa kula da shi. Tsarin bai yi nisa da abin da Bahaushe ya sani na uwar ɗaki da 'yar ɗaki ba, illa dai a can ƙungiya ce ke haɗa mutanen da ba su taɓa sanin juna ba.

A 1995 aka fitar da binciken da ya sa sunan ƙungiyar ya zagaye duniya. An bi yara 959 'yan shekara 10 zuwa 16 tsawon wata 18, rabi an ba su jagora, rabi suna jerin jira. Masu jagora sun fi kauce wa fara shan miyagun ƙwayoyi da kashi 46 cikin 100, fara shan giya da kashi 27, kuma ranakun da suka yi fashin makaranta kusan rabin na sauran ne. Alƙaluman sun shiga jawaban 'yan siyasa, duk da cewa yawancinsu daga bakin yaran aka ji su.

Da aka tattara bincike da yawa wuri guda, sai hoton ya dusashe. Nazarin da Elizabeth Raposa da Jean Rhodes da wasu suka wallafa a 2019 ya haɗa gwaje-gwaje 70 da suka shafi matasa sama da 25,000. Amfanin yana nan, amma ɗan kaɗan ne: idan aka jera yara 100, wanda ke tsakiyar layi zai matsa gaba da matsayi takwas ko tara. Gidauniyar Education Endowment Foundation, wadda makarantun Ingila ke dogaro da ita wajen auna abin da ke aiki, ta ƙiyasta cewa shirin jagoranci yana ƙara wa ɗalibi ci gaban kimanin wata biyu a shekara, alhali koyarwa ta ɗaya-da-ɗaya tana ƙara wata biyar. Ta kuma yi gargaɗin cewa ribar ba ta cika ɗorewa ba idan shirin ya tsaya.

Matsakaicin lissafi yana ɓoye wani abu mai nauyi. A 2002 Jean Grossman da Jean Rhodes suka koma kan bayanan yaran 1995, suka rarraba su bisa tsawon zamansu da jagora. Waɗanda dangantakarsu ta kai shekara ko fiye su ne suka kwashe mafi yawan amfanin. Waɗanda tasu ta mutu kafin wata uku kuwa sun fito da raunin ganin ƙimar kansu da na yarda da iyawarsu a karatu, ƙasa da yaran da ba a taɓa ba su kowa ba. Da yawan waɗannan yara dama sun taɓa ganin babba ya juya musu baya. Baƙon da ya zo da fara'a, ya yi alƙawari, sannan ya daina ɗaga waya, tsohon miki yake famawa.

Wannan gargaɗi ya shafi al'ummomin 'yan ci-rani kai tsaye. Waɗanda suka fi saurin miƙa kansu aikin sa-kai su ne sau da yawa ɗaliban digiri na biyu da za su bar gari bayan shekara guda, ko ma'aikatan da jadawalin aikinsu ke sauyawa duk wata. Niyyarsu kyakkyawa ce. Amma kafin a haɗa irinsu da yaro, tambayar da ta fi muhimmanci ita ce ina za su kasance baɗi war haka.

Darasin Cambridge da Somerville

Babu labarin da ya fi tayar wa masu wannan aiki hankali kamar na wasu garuruwa biyu da ke maƙwabtaka da Boston. Richard Cabot, likita kuma malami a Jami'ar Harvard, ya yi imanin cewa abotar babban mutum nagari za ta iya kare yaro daga faɗawa aikata laifi. Ya zuba dukiyarsa don tabbatar da haka. Aka jera yara maza bibbiyu masu kama da juna a shekaru da hali da yanayin gida, aka jefa kwabo a kan kowane biyu, ɗaya ya shiga shiri ɗaya ya tsaya a waje. A ƙarshe an bi sawun irin waɗannan tagwaye 253. Daga 1939 zuwa 1945 waɗanda ke cikin shirin suka sami mai ba da shawara da ke ziyartarsu kamar sau biyu a wata, da ƙarin darasi, da ganin likita, da zuwa sansanin hutun bazara, tsawon shekara biyar da ɗoriya a matsakaici.

Bayan shekara 30 Joan McCord ta nemo kusan dukkansu, ta duba takardun kotu da na asibiti da na mutuwa. Sakamakon da ta wallafa a 1978 ya girgiza fagen. Waɗanda aka taimaka wa sun fi sauran maimaita laifi, sun fi nuna alamun shaye-shaye da taɓin hankali mai tsanani, kuma waɗanda suka mutu a cikinsu sun mutu da ƙarancin shekaru. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne kusan kashi biyu bisa uku na waɗanda suka amsa tambayoyinta sun ce shirin ya amfane su, wasu suna tuna masu ba su shawara da ƙauna.

McCord ta kawo dalilan da take zato. Mai yiwuwa shirin ya ɗaga burin yaran zuwa inda rayuwarsu ba za ta iya kai su ba. Ko ya sa suka dogara da taimakon da aka yanke rana ɗaya. Ko kuma ya liƙa musu tambarin yaran da ke da matsala. Daga baya ta lura cewa mummunan sakamakon ya fi yawa a kan waɗanda aka tura sansanin hutu fiye da sau ɗaya, inda yara masu rawar kai ke haɗuwa suna koya wa juna. Zama da maɗaukin kanwa, in ji masu iya magana, shi ke kawo farin kai.

Ba a ce kowane shiri haka zai ƙare ba, kuma zamanin ya bambanta da na yau. Abin da labarin ya rushe shi ne dogaro da godiyar mahalarta a matsayin hujja. Rahoton da ƙungiya za ta kai wa masu ba ta kuɗi, cike da hotunan yara suna murmushi da shaidar iyaye, irinsa ne Cabot zai iya rubutawa da zuciya ɗaya.

Shirye-shiryen da suka yi tasiri

Waɗanda suka tsallake gwaji suna da kama ɗaya: sun san abin da suke son gyarawa. A Shikago ƙungiyar Youth Guidance tana gudanar da shirin Becoming a Man, inda samari ke zama da ƙwararren jagora sa'a ɗaya a mako a cikin makaranta. Akwai wani darasi da ake buɗe shirin da shi. A bai wa yaro ƙwallo ya damƙe a hannu, a ce wa abokinsa yana da daƙiƙa 30 ya karɓo ta. Kusan kowa kokawa yake kamawa. Bayan an gama sai jagora ya tambaya me ya hana a roƙa, shi kuma mai ƙwallon yakan ce da an tambaye shi da ya bayar. Abin da ake koyarwa ke nan duk shekara: a tsaya a karanta yanayi kafin hannu ya riga tunani.

Gwaje-gwajen da Sara Heller da abokan aikinta suka wallafa a 2017 sun nuna cewa kama samarin bisa laifukan tashin hankali ya ragu da kashi 45 zuwa 50 cikin 100 a lokacin da suke cikin shirin, kuma a gwajin farko kammala sakandare ya ƙaru da kashi 12 zuwa 19. Raguwar kamun ta dusashe bayan shirin ya ƙare, amma takardar sakandaren ta zauna. Barack Obama ya zauna da wani rukunin samarin a 2013, shekara guda kafin ya ƙaddamar da shirinsa na My Brother's Keeper.

A Jamus, shirin Rock Your Life yana haɗa ɗaliban jami'a da 'yan sakandare masu shekara 14 ko kusa da haka, da manufar shirya su shiga duniyar aiki. Masana na cibiyar Ifo ta birnin Munich sun bi matasa 308 a birane 10. 'Ya'yan gidajen da ba su da galihu sun ƙaru a lissafi da haƙuri da sanin sana'ar da suke so, kuma bayan shekara uku sun fi samun gurbin koyon sana'a a kamfanoni. 'Ya'yan gidajen da ke da ɗan hali ba su ƙaru da komai ba. Jagora yana cike gurbi ne, inda babu gurbi kuwa ba shi da aikin yi.

Hangen Dala

Akwai wani zato da ke ƙarƙashin duk maganar abin koyi, wato cewa matsalar yaran talakawa ƙarancin buri ce. Gidauniyar Education Endowment Foundation ta duba shirye-shiryen ɗaga buri ta ce shaidar amfaninsu ba ta taka kara ta karya ba, domin yawancin matasa dama suna da manyan burika. Abin da suka rasa shi ne sanin hanya da guzurin tafiya. A Ingila ma 'ya'yan baƙaƙen fata 'yan asalin Afirka sun fi takwarorinsu fararen fata 'yan ƙasa shiga jami'a, sai dai a wajen fita da digiri mai daraja ta sama ne ake barin su a baya. Buri bai yi musu ƙaranci ba. Hangen Dala ne dai ba shiga birni ba.

Ghana ta ba da misali mafi tsafta. A 2008 Esther Duflo da Pascaline Dupas da Michael Kremer suka nemo ɗalibai 2,064 da suka ci jarrabawar shiga babbar sakandare amma ba su shiga ba, galibi saboda kuɗi. Aka zaɓi 682 ta ƙuri'a aka biya musu. Kusan bakwai cikin goma na waɗanda aka biya wa sun kammala, alhali a cikin sauran ba su kai rabi ba. Babu wanda ya yi musu jawabi. Tun 2017 gwamnatin ƙasar ta soke kuɗin babbar sakandare, abin da ya sauke wa iyaye a zango-zango wani kaso na wannan nauyi, ko da yake kuɗin mota da na aljihu suna nan.

Inda aka haɗa jagora da guzuri ne aka ga sakamakon da ya fi girma, kuma ɗaya daga cikinsu a ƙasar Hausa aka same shi. Cibiyar Ilimin 'Ya'ya Mata da ke Zariya ta daɗe tana tara 'yan mata rukuni-rukuni a ƙarƙashin jagorancin mace da iyaye suka amince da ita, ana koya musu karatu da lissafi da dabarun zaman duniya, ana taimaka musu da hidimar makaranta, bayan an zauna da iyaye da shugabannin gari. Wani gwaji da Isabelle Cohen da Maryam Abubakar da Daniel Perlman suka yi kan shirin cibiyar ya nuna cewa bayan shekara biyu, kashi 21 cikin 100 na 'yan matan garuruwan da aka kai shirin ne suka yi aure, a garuruwan da ba a kai ba kuwa kashi 86, kuma babban dalilin shi ne komawarsu makaranta. Garuruwan da aka gwada ba su da yawa, don haka sai an maimaita a wasu wurare kafin a yi guɗa. Tarihi ya koyar da wannan taka-tsantsan: kulab-kulab ɗin 'yan mata na ƙungiyar BRAC sun rage ɗaukar ciki da ƙuruciya da kusan kashi ɗaya bisa uku a Yuganda, amma da aka kai tsarin Tanzaniya da ƙarancin kayan aiki da horarwa, ba a ga wani tasiri ba.

A Birtaniya kuwa, inda muhawarar 2025 ta taso, gurbin da Southgate ke kuka a kai ba intanet kaɗai ta haƙa shi ba. Ƙungiyar YMCA ta lissafa cewa kuɗin da ƙananan hukumomin Ingila ke kashewa kan hidimar matasa ya ragu da sama da kashi 70 cikin 100 tun daga 2010. Carmen Villa, a wani bincike da cibiyar Institute for Fiscal Studies ta fitar a 2024, ta gano cewa kusan kashi 30 cikin 100 na cibiyoyin matasa na unguwannin Landan sun rufe tsakanin 2010 da 2019. Matasan da aka rufe cibiyar da ta fi kusa da su sun sami koma-baya a jarrabawar GCSE, kuma yiwuwar su aikata laifi ta ƙaru da kashi 14 cikin 100. A waɗannan cibiyoyi ne yaro ke samun babban da ba ubansa ba, ba malaminsa ba, wanda ake biya albashi ya kasance a wuri ɗaya duk yamma, shekara da shekaru.

A watan da aka yi ta tafka muhawara kan Adolescence ne kuma aka rufe shirin National Citizen Service, wanda gwamnatin David Cameron ta kafa domin 'yan shekara 16 da 17, shirin 'yan makonni da ya laƙume mafi yawan kuɗin da gwamnatin tsakiya ke ware wa matasa. Gwamnatin Labour ta yi alƙawarin buɗe sababbin cibiyoyi da ta kira Young Futures, masu ma'aikatan matasa da masu ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa da sana'a. Lissafin Villa ya nuna cewa duk fam ɗaya da aka tsimi ta hanyar rufe tsofaffin cibiyoyin Landan ya jawo wa al'umma asarar kusan fam uku.